Sabon jini da tsohon hannu a damben boksin: yaron zai iya da shi kuwa?

"Assalamu alaikum Koci. Ƙanina ne yake damben boksin, shekararsa 22, yana ajin kilo 66 da ɗoriya. Ya yi wasa 7 na kuɗi duk ya ci, 6 a ciki kisa ya yi, ɗayan kuma turmi huɗu ne aka ba shi da maki. Yanzu an kawo masa tayin wasa a Abuja, turmi takwas, da wani ɗan shekara 36 da ya yi wasa 34, ya ci 22, an ci shi 11, ɗaya aka tashi canjaras. Abokansa a unguwa suna ta cewa ai tsoho ne, turmi biyu ma ba zai kai ba, shi ma yaron ya fara hawa zugar. Hajiyarmu kuwa hankalinta ya ƙi kwanciya. Don Allah a matsayinka na wanda ya daɗe a harkar, yaro irin wannan zai iya da tsohon hannu, ko mu hana shi? Daga wani ɗan uwa a Tudun Wada."

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka gaida Hajiya, ka ce mata wannan rashin kwanciyar hankalin nata ya fi surutun abokan yaron amfani nesa ba kusa ba, don su in an farfasa masa fuska iyakaci su ce kash, su koma majalisa su ci gaba da shan shayinsu. In na fahimce ka abu biyu ka dunƙule a tambaya ɗaya, wato shin yaro mai tashe yana iya doke gogagge, sannan shin ƙanin naka ya kai lokacin da za a gwada shi. Ta farkon amsarta e, ana yi kullum, da haka ma ake zama gwani. Ta biyun ce mai wuya, kuma shekarun mutumin ba su ne za su amsa maka ita ba. Abin da zai amsa ta shi ne me yaronku yake yi idan ya saki naushinsa mafi ƙarfi ya samu mutum sosai, mutumin ya tsaya yana kallonsa ko gezau, alhali saura turmi biyar.

Mu ɗan yi lissafi da lambobin da ka kawo. Turmi ɗaya minti uku ne, a huta minti ɗaya. Yaron da ya yi wasa 7 yana kashe mutane da wuri, bai taɓa wuce turmi huɗu ba, in ka tattara duk zaman da ya yi a cikin ringi da ƙyar ya kai awa ɗaya. Shi kuwa wancan, ko turmi shida shida ka ba kowane wasa cikin 34, ya haura turmi 200, awa goma ke nan ana dukansa yana rama wa, an fasa masa gira, an danne shi a igiya, alƙalai sun cuce shi a garin wasu, duk ya gani. Ku kuna kallon 11 da aka ci shi kuna dariya, ni kuwa wannan 11 ɗin ita ce take sa ni gyara zama.

Boksin ba damben gargajiya ba ne

Mu nan da damben gargajiya muka tashi a ido, shi ya sa yaranmu da yawa suke shiga boksin da tunanin gidan dambe. A can turmi uku ne, hannu ɗaya aka ɗaure, in ka samu mutum ya kai ƙasa an yi kisa, magana ta ƙare, makaɗa su ɗauka. A boksin kuwa ka kayar da mutum alƙalin wasa zai tsaya ya ƙirga masa, in ya miƙe kafin goma hankalinsa na jikinsa a ci gaba, abin da ka samu kawai maki 10 da 8 a wannan turmin maimakon 10 da 9. Samuel Peter ɗan Akwa Ibom a 2005 yana ɗan shekara 25, ba a taɓa cin shi ba, kowa na tsoron hannunsa, ya haɗu da Wladimir Klitschko a Amurka, ya kai shi ƙasa har sau uku a wasa ɗaya, biyu a turmi na biyar ɗaya a na goma. Da a gidan dambe ne da tuni an ɗaga shi sama ana masa liƙi. Amma aka yi turmi 12 cif, alƙalai uku duk suka ba Klitschko, saboda sauran turmin da ba a faɗi ba shi ya tsince su ɗaya bayan ɗaya da dogon hannunsa da riƙo. Ka nuna wa ƙaninka wannan wasan, yana nan a YouTube, ku kalla tare har ƙarshe, ban da tsallakewa zuwa wurin faɗuwar.

Abin da tsohon hannu yake yi wa yaro

Bari in ba ka nawa, don ni a jikina na koya. Ina ɗan shekara ashirin, lokacin muna tirenin a filin wasa na Ahmadu Bello, ƙafata ba ta taɓa ƙasa don jin kai, aka haɗa ni da wani soja da ya girme ni da shekara goma sha wani abu, ga sanƙo ga ɗan tumbi. Wallahi a wurin awo da ya cire riga sai da na juya na yi wa abokaina murmushi. Aka kaɗa ƙararrawa na faɗa masa kamar an aiko ni, hagu dama hagu dama, jama'a na ihu, ni ina jin ina dukan mutum, ashe duk a gwiwar hannu da kafaɗa yake karɓa. Da na matso sai ya rungume ni ya sakar min nauyinsa a wuya, alƙali ya raba, in sake zuwa ya sake kwantowa, sau ɗaya ma ya taka min ƙafa kamar bai sani ba, har yana ce min a kunne "ƙaro, yaro". Turmi uku ne kacal fa irin na gasa. A na ukun hannuwana suka zama kamar na ɗauko jarka biyu cike da ruwa daga rijiya, bakina a buɗe, sai ya lallaɓo da hagu ya sa min guda ɗaya a ƙasan haƙarƙarin dama, daidai hanta. Irin wannan naushin ba nan take yake kama ka ba, sai ka yi taku ɗaya baya tukuna, sannan ka ji kamar an zare maka ƙafafu. Na durƙusa ina jin ƙirgar alƙali tar a kunnena, kaina garau, amma jiki ya ce bai san zancen ba. Bayan an tashi mutumin nan ya saya min shayi a bakin get, ya ce tun minti na biyu ya ji numfashina ya canza, kuma duk sanda zan jefa hagu sai na ɗan sauke dama. Ni da kocina a lokacin babu wanda ya taɓa lura da wannan.

To wannan shi ne abin da awa goma ɗin can take saya wa mutum. Ya san inda zai huta a tsakiyar turmi ba tare da kowa ya gane hutawa yake ba. Ya san ya bar maka minti biyu kana ta wahala, ya tashi a daƙiƙa talatin na ƙarshe ya zuba guda huɗu masu kyau, alƙalai su tafi da wannan hoton a ido. Yana duka a ciki da ƙirji tun farko don ya san kuɗi ne yake ajiyewa, a turmi na shida zai zo ya karɓa. Kuma idan ka ji masa ciwo fuskarsa ba za ta nuna maka ba, kai kuwa yaro ana taɓa ka ido zai yi ja, ka ce sai ka rama yanzu yanzu, nan ne ake kama ka.

Manyan duniya ma haka aka yi musu. George Foreman yana ɗan shekara 25, wasa 40 ba a taɓa cin shi ba, ya haɗu da Muhammad Ali mai shekara 32 a Kinshasa a 1974, mutane har tsoro suke kada a illata Ali. Ali ya jingina da igiya ya bar shi yana ta jibga har ƙarfinsa ya ƙare, a turmi na takwas ya kwantar da shi. Abin mamaki shekara 20 bayan nan, a 1994, shi Foreman ɗin yana da shekara 45 ya yi wa Michael Moorer ɗan shekara 26 nasa salon, Moorer yana gaba da maki tun farko, ya tsaya a gabansa fiye da kima, a turmi na goma dama guda ta raba shi da kambunsa. Canelo Alvarez kuwa a 2013 yana da shekara 23, ya yi wasa sama da 40 babu wanda ya ci shi, Floyd Mayweather mai shekara 36 ya mayar da shi ɗan makaranta turmi 12, yana ta dukan iska. Wanda na fi so yaranmu su kalla ma shi ne Joe Joyce da Daniel Dubois a Landan a 2020, don babu wani abin burgewa a ciki. Dubois ɗan shekara 23 ne mai kashe mutane, Joyce 35, a hankali yake kamar mai ciwon baya, amma ya samu idon hagun yaron da jab, wato wannan miƙaƙƙen naushin na hannun gaba, ya yi ta sa masa a wuri ɗaya, idon ya kumbura ya rufe, a turmi na goma yaron ya durƙusa da kansa aka ƙirga shi.

Amma fa shekaru ma ba wasa ba ne

Kada ka ji na jero waɗannan ka ɗauka kullum tsoho ne da nasara, sam. Gaskiyar magana a mafi yawan irin wannan haɗin yaron ne yake ci, don masu shirya wasa ba wawaye ba ne, sunan tsohon suke so su saya wa yaronsu, sai sun tabbatar wutarsa ta yi sanyi suke kiransa. Waɗanda na lissafa ana tuna su ne saboda lissafin ya ƙi. Mike Tyson yana ɗan shekara 21 ya gama da Larry Holmes mai 38 a turmi na huɗu a 1988. Shi kansa Holmes ɗin a 1980 haka ya yi ta dukan Ali mai shekara 38 har mutanen Ali suka ce ya isa bayan turmi na goma, wasan da ko kallonsa ba daɗi. A Riyad ma a watan Agustan 2025, Moses Itauma, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, yana da shekara 20, ya tashi Dillian Whyte mai 37 tun ba a gama turmin farko ba.

Abin da yake fara tafiya a jikin ɗan dambe ƙafa ce, sai saurin martani. Ido yana ganin naushin yana zuwa, ƙwaƙwalwa ta ce kauce, jiki ya makara da ɗan ƙiftawar ido, shi ke nan an same shi. Yana ganin ƙofa a buɗe, kafin ya saki hannu an rufe. Daga nan sai juriyar duka, mutumin da da ake dukansa da taɓarya yana dariya sai ka ga ɗan naushi kaɗan ya sa ƙafarsa rawa, kuma wannan in ta tafi ba ta dawowa, babu tirenin da yake gyara ta. Ƙarfin hannu shi ne na ƙarshen tafiya, shi ya sa ko tsohon da ya ƙare ba a tsaya masa a gaba hannu a ƙasa.

Don haka tsofaffin ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ya ƙare, suna kawai ya rage. Akwai ɗan kasuwa, wanda ya zo ya kare kansa ya cika turminsa ya karɓi kuɗinsa ya koma gida lafiya don wata mai zuwa ma yana da wani wasan, irin wannan makaranta ce mai kyau ga yaro, zai wahalar da shi ba tare da ya illata shi ba. Sannan akwai mai sauran wuta, wanda yake jin haushin an kira shi a matsayin tsani, ya yi wata biyu yana gudun asuba don ya ɓata wa mai shirya wasan lissafi. Mutum mai nasara 22 a wasa 34 yana iya zama kowanne a cikinsu, takarda ba za ta gaya maka ba.

Wasan da ya fi kama da jarabawar da nake magana shi ne na Anthony Joshua da Klitschko a filin wasa na Wembley da ke Landan a watan Afrilun 2017, gaban mutum 90,000. Joshua 27, wasa 18 duk kisa, Klitschko 41, kuma ya yi kusan shekara ɗaya da rabi bai hau ringi ba. A turmi na biyar Joshua ya kayar da shi, ya ɗauka an gama, ya zazzage duk abin da ke tankinsa, tsohon ya miƙe, kafin turmin ya ƙare Joshua ne yake neman iska. A na shida aka kai Joshua ƙasa karon farko a damben kuɗi. Abin da ya cece shi ya iya lallaɓawa, ya riƙe, ya ja turmi biyu uku yana tattara numfashi bai yi hauka ba, sai a na 11 ya samo wannan naushin na ƙasan haɓa ya ƙarasa. Tambayar da nake yi a kan ƙaninka ke nan, in ya tsinci kansa a turmi na shida irin wannan, yana da abin da zai yi ko kuwa sai kallon kwanar ringi inda kocinsa yake?

Kafin ku sa hannu

Ku nemo bidiyon wasanninsa uku na ƙarshe, na kwanan nan, kar a kawo muku na shekara takwas da suka wuce lokacin yana ganiyarsa. In kun samu kada ku bi hannu da ido, ku kalli ƙafa. Yana zagayawa ko yana tafiya kai tsaye baya har igiya ta tare shi? In an same shi yana ramawa nan take ko sai ya rufe fuska ya jira a gama? Ku duba sunansa a BoxRec, shafin intanet da ke ajiye tarihin wasannin 'yan boksin, ku ga 11 ɗin nan yaya aka ci shi. In yawancinsu da maki ne, kuma a hannun mutanen kirki, a garuruwansu, to ku sani turmi takwas ɗin nan sai an yi su cif, ku shirya wa haka. In kuwa huɗu na ƙarshe duk kwantar da shi aka yi da wuri, yaronku zai ci amma ba abin da zai koya, sai ƙarin girman kai. Ku duba yaushe rabonsa da wasa, ku kuma duba a wane nauyi ya saba yi, don wanda ya saba kilo 72 aka ce ya sauko 66, ana yin awo ana gobe wasa, kafin dare ya sha ruwa ya ci abinci ya koma girmansa, yaro ya hau ringi ya tarar da wani mutum daban. Bahago ne ko na dama ne, wannan ma ku tambaya, yaranmu da yawa ba su taɓa tsayawa gaban bahago ba.

Shi kuma yaron gwajinsa a jim ne. Abin da nake yi wa nawa, in za su tsallaka daga turmi huɗu zuwa sama, ina sa musu manyan safar hannu da hular kariya, in kawo mutum uku, kowane ya yi turmi uku da shi ya fita sabo ya shigo, shi yana ciki. Na ukun nakan zaɓo wanda ya fi shi nauyi kuma ya iya riƙo da dannewa, in ce masa kada ka ji masa ciwo, ka dai gajiyar min da shi. Ni kuma ina gefe ba naushi nake ƙirgawa ba, bakinsa nake kallo yaushe zai buɗe, hannun dama yaushe zai fara sauka, in na yi magana daga kwana yana ji ko kunnen ya toshe. Wani yaron a turmi na bakwai sai ka ga ya natsu ya koma jab yana zagayawa, wannan ya isa a fita da shi. Wani kuwa sai ya fusata ya rufe ido yana wurgi, wannan komai ƙarfinsa ina ce masa ba yanzu ba, ya yi fushi ya gama. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya, turmi takwas yana son aƙalla sati takwas na shiri, gudun asuba, barci da wuri, a ajiye waya da yawon majalisa. In tayin na sati biyu ne ku ce a kai kasuwa.

Maganar lafiya kuma ba ta da sassauci. Wasan ya zama hukumar damben kuɗi ta ƙasa ta san da shi, a gwada su duka biyun a asibiti, a samu likita da motar asibiti a wurin, kuɗin da adadin turmi da nauyi duk a rubuce a takarda. A watan Maris na 2025 ɗan dambenmu Segun Olanrewaju, mai shekara 40, ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar wasa a Bukom da ke Akara, bai tashi ba. Tun daga lokacin ni ko wasan sada zumunci ne ban ga likita ba ba na sa yarona. Sannan wanda zai tsaya masa a kwana ya zama mai iya jefa tawul don a tsayar da wasa, wanda ba zai ji kunyar jama'a ba.

In ka matsa min sai na faɗi ra'ayina, ni tsallen daga huɗu zuwa takwas ne bai kwanta min ba, ya fi mutumin kansa damuna. Ku nemi a mayar da shi turmi shida, ko da kuɗin zai ragu. In sun yarda, kuma bidiyo ya nuna irin ɗan kasuwan nan ne ko wanda ƙafarsa ta fara nauyi, ku karɓa, ina sa ran yaron zai ci da maki, zai kuma dawo da ilimin da wasa bakwai ɗin can ba su ba shi ba. In sun kafe sai takwas, to sai ya ci gwajin jim ɗin nan sau biyu a sati daban daban. Kuma ku cire masa tsoron a ce an ci shi, Canelo bayan Mayweather ya zama zakara a ajin nauyi huɗu, Dubois da aka yi ta yi wa gorin durƙusawa shi ne ya kwantar da Joshua a Wembley a 2024, Samuel Peter ma ya ɗauki kambun duniya na hukumar WBC a 2008. Faɗuwa da maki a hannun gogagge ba ta kashe yaro, dukan da ya wuce kima a turmin da bai shirya musu ba shi ne yake canza shi.

Duk wannan fa daga nesa nake magana, ban taɓa ganin ƙanin naka ya jefa naushi ko ɗaya ba, shi ma mutumin lambobinsa kawai ka ba ni, kuma ni ba likita ba ne, abin da ya shafi kai da ido da zuciya nasu ne. Kocinsa da yake tare da shi kullum ya fi ni sanin numfashinsa, ku zauna da shi ku karanta wannan tare, in ya ga wani abu daban ku saurare shi. In kuma kuna so in gani da idona, ku zo da shi ranar Asabar da sassafe kafin rana ta yi zafi, ya taho da safarsa da robar haƙori, kai kuma ka zo da bidiyon mutumin a waya. Abokan nan nasa a bar su a gida, kuma kada ya cika ciki da ƙosai kafin ya zo.